Dashen Inji a Motar Tsere: A Shata Hanyar Hayaƙi Kafin a Ɗaure Inji

A shekarar 1964 kamfanin Rootes na ƙasar Ingila ya fito da wata ƙaramar mota da ya raɗa wa suna Sunbeam Tiger. Asalinta wata mota ce mai kujera biyu da ake kira Alpine, wadda ke da ɗan madaidaicin inji mai silinda huɗu. Sai aka cire wannan inji, aka cusa mata wani na kamfanin Ford na Amurka mai silinda takwas, wanda girmansa ya kai lita 4.3. Injin dai ya shiga, amma da jiɓin goshi. Sai da aka sake fasalin sitiyarin motar ɗungurungum, kuma wurin ya matse har ta kai bakanike ba ya iya kai hannu ga filogi na ɓangaren hagu sai ta wata kafa da aka huda daga cikin mota. Wannan fa aikin kamfani ne mai injiniyoyi da kuɗi da kayan aiki.

Irin wannan aiki, wato dashen inji, har yau yana nan da ransa a Amurka da Ingila da Japan da Ostareliya, musamman a tsakanin masu sha'awa da ke gina motar da za su riƙa kai wa filin tsere a ƙarshen mako. Wani misali da ya yi fice shi ne Mazda MX-5, wadda ta fito a 1989 da inji mai lita 1.6 da ƙarfin doki kimanin 115, nauyinta kuma bai cika tan guda ba. Ana cire injinta a dasa mata LS1, injin da kamfanin General Motors ya fara sa wa motar Corvette a 1997, mai lita 5.7 da ƙarfin doki 345. Mai motar yakan shafe watanni yana lissafin yadda injin zai zauna, da giyabos ɗin da zai dace, da lagireton da zai iya sanyaya shi. Sai an gama ɗaure komai, an yi wa ƙafafun inji walda, sannan ya tuna cewa akwai bututai takwas da za su fito daga jikin injin, huɗu ta dama huɗu ta hagu, kowanne kaurinsa ya ɗara santimita huɗu, kuma kowanne yana ɗauke da iskar da zafinta kan kai digiri 800 a ma'aunin Salshiyas.

Nan ne kuskure na farko yake. Na biyun ya fi shi yaɗuwa, domin masu ilmi ne ke yin sa: a ɗauka cewa babu abin da ya kai daidaita tsawon bututan nan muhimmanci, a yi ta murɗa su ana ratsa kowane lungu da su, ko da kuwa za su goga kafaɗa da bututun man birki. Kimiyyar da ake koyarwa a makarantar sakandare ta isa ta tona asirin kurakuran biyu. Hanyar hayaƙi kamata ya yi a shata ta tun inji yana rataye a ƙugiya, kuma abin da ya cancanci jan ragamar shatawar shi ne zafi da lafiyar direba. Daidaiton tsawo ya biyo baya, idan wuri ya rage.

Kafin a yanke hukunci, wajibi ne a fahimci amfanin waɗannan bututai. Makanikai kan kira dukan hanyar hayaƙi salansa, ɓangaren da ke manne da inji kuma su ce manifol. A motar gida manifol dunƙulallen ƙarfen zubi ne, gajere, wanda ke tara hayaƙin silinda duka wuri guda nan take. A motar tsere kuwa kowace silinda tana da nata dogon bututu, sai can gaba su gamu a wata mahaɗa. Waɗannan su ne rassan salansa. Da zarar bawul ɗin fitar hayaƙi ya buɗe, iskar da ke cikin silinda takan fito da ƙarfi, ta haifar da igiyar matsi wadda ke gudu cikin bututu da saurin sauti, tana barin hayaƙin kansa a baya. Idan igiyar ta isa mahaɗa, inda wuri ya buɗe farat ɗaya, wani ɓangarenta yakan juyo baya, amma a birkice: ta tafi tana turi, ta dawo tana zuƙa. Abin da ke faruwa ke nan a bakin kakaki da algaita, kuma danginsa ne ɗalibi ke aunawa a ɗakin gwaji sa'ad da ya kaɗa ƙarfen sauti mai yatsu biyu a bakin bututun da aka tsoma a ruwa.

To, a ƙarshen fitar hayaƙi akwai ɗan taƙin lokaci da bawul biyu ke buɗe tare, na fita bai gama rufewa ba, na shiga ya fara buɗewa. Idan zuƙar nan ta iso a daidai wannan lokaci, sai ta janye ragowar hayaƙi, ta kuma janyo sabuwar iska da fetur su cika silinda. Ƙarin ƙarfin da ake nema daga nan yake fitowa, kuma ƙarfi ne na gaske, babu mai musun haka.

Mai karatu zai iya yin lissafin a bayan littafinsa. Saurin sauti a iskar ɗaki kimanin mita 343 ne a daƙiƙa, amma yana ƙaruwa da zafi. A cikin hayaƙi mai zafi a iya ɗaukarsa mita 550. Injin da ke juyi 6,000 a minti yana juyi 100 a daƙiƙa, wato digiri 36,000. A ɗauka, domin misali, ana son igiyar ta je ta dawo cikin digiri 120 na juyin karanshaf. Wannan ya zama kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci igiyar za ta ci kimanin mita 1.8, zuwa da dawowa, don haka tsawon bututu ya kama santimita 90.

Yanzu a rage santimita 10 daga ɗaya daga cikin rassan domin ya kauce wa sandar sitiyari. Me ya faru? Lissafin ya nuna cewa wannan silinda za ta sami zuƙarta mafi kyau a juyi 6,750 maimakon 6,000. Zuƙar tana nan, wurinta kawai ya gusa. Motar da ke filin tsere kuwa ba ta tsayawa a juyi guda. Tana iya fitowa daga kwana a juyi 3,500, ta haura 6,000 a miƙaƙƙiyar hanya, ta sake saukowa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Bugu da ƙari, saurin sautin da aka gina lissafin a kansa ba tsayayye ba ne. Idan zafin hayaƙi ya tashi daga digiri 700 zuwa 800, saurin sauti yakan ƙaru da kimanin kashi 5 cikin ɗari, wanda daidai yake da gajarta bututun da santimita huɗu da rabi. Zafin hayaƙi kuma yana hawa da sauka duk lokacin da direba ya taka totur ko ya ɗaga ƙafa. Wanda ya kwana uku yana gyara bambancin rabin santimita ya auna gishiri ne da ma'aunin zinariya, alhali iska tana kwasar rabinsa.

Akwai wata matsalar kuma da ta keɓanci irin waɗannan injuna na Amurka masu silinda takwas, wadda daidaita tsawo ba ya warkar da ita. A injin LS1 silinda 1, 3, 5 da 7 suna ɓangaren hagu, 2, 4, 6 da 8 suna dama, wuta kuma tana tashi a jerin 1-8-7-2-6-5-4-3, da tazarar digiri 90 tsakanin kowace da mai bi mata. A dubi ɓangaren dama kaɗai. Daga 8 zuwa 2 digiri 180 ne, daga 2 zuwa 6 digiri 90, daga 6 zuwa 4 digiri 180, daga 4 kuma a koma 8 digiri 270. Ko da an daidaita rassan huɗu kamar tagwaye, hayaƙin zai riƙa isa mahaɗa yana ɗingishi, biyu suna cin dugadugan juna, sannan a yi dogon shiru. Wannan ɗingishi ne ma ke haifar da gurnanin da aka san waɗannan injuna da shi.

Maganinsa na haƙiƙa shi ne a tsallakar da bututu biyu daga kowane ɓangare zuwa ɗaya ɓangaren, ta yadda kowace mahaɗa za ta riƙa karɓar hayaƙi duk bayan digiri 180. Abin da kamfanin Ford ya yi ke nan a motar GT40, wadda ta ɗauki na ɗaya da na biyu da na uku a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1966. Bututanta sun cukurkuɗe har aka riƙa kiransu damin macizai. Masu ra'ayin daidaito kan kafa hujja da wannan mota, kuma hujjar tana da nauyi. Sai dai sun manta da abu ɗaya. Injin GT40 a bayan direba yake, akwai fili a saman giyabos, babu sandar sitiyari a wurin, kuma an zana motar ne tun farko da sanin cewa bututan za su bi ta nan. A MX-5 inji a gaba yake, tsakanin ƙarafan shasi biyu da aka auna domin silinda huɗu. Wanda ya so tsallakar da bututu sai ya bi da shi ta ƙarƙashin tukunyar baƙin mai, inda zai dafa man, ya kuma bugi ƙasa a tudun farko. Abin lura ma shi ne, injin Cosworth DFV da Keith Duckworth ya zana, wanda ya ci tserensa na farko a Zandvoort a 1967 a hannun Jim Clark, an ba shi wani fasalin karanshaf dabam wanda ke sa kowane ɓangare ya yi aiki tamkar inji mai silinda huɗu, hayaƙi yana fita a daidai ba tare da an tsallakar da ko bututu ɗaya ba. Manyan injiniyoyi tun a kan takarda suke warware batun hayaƙi.

Sai batun zafi, wanda shi ne ya fi kowanne haɗari, kuma shi aka fi rainawa. A kan titi, direba bai cika danne totur har ƙasa fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba. A filin tsere kuwa yakan yi minti ashirin yana danne shi a kowace miƙaƙƙiyar hanya. Dokar Stefan da Boltzmann ta nuna cewa zafin da abu ke fesawa yana ƙaruwa ne gwargwadon zafinsa a ma'aunin Kelbin idan an ninka shi da kansa har sau huɗu. Bututun da ke digiri 400 yana 673 a Kelbin. Wanda ke digiri 700 yana 973. Idan an yi lissafi, na biyun yana fesa zafi fiye da ninki huɗu na na farkon. Shi ya sa motar da ta yi wata shida tana yawo cikin gari lafiya lau take iya narkar da wayoyinta a ranar farko da ta shiga fili.

Me ke kusa da rassan? A yawancin motoci tukunyar man birki tana manne da bangon da ya raba direba da inji, a ɓangaren direba, wato a saman rassan kai tsaye. Man birki irin DOT 4, idan sabo ne, ƙa'idarsa ita ce kada ya tafasa ƙasa da digiri 230. Idan ya tsufa ya sha danshi, ƙa'idar takan sauko zuwa digiri 155. Ruwa ba ya matsuwa, shi ya sa birki ke kamawa. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar man ya tafasa, direba zai taka birki ƙafarsa ta nutse har ƙasa, mota tana gudun kilomita 180 tana fuskantar kwana. Babu ƙarfin doki biyar ko goma da ya kai a saye shi da wannan farashi. A ɗauka ma cewa kauce wa bututun birki ya jawo asarar ƙarfin doki 5 daga cikin 345: bai kai kashi ɗaya da rabi cikin ɗari ba.

Kik, wato na'urar tayar da inji, ita ma tana shan wahala. A injin LS tana ɓangaren dama. A motocin Amurka sitiyari yana hagu, don haka an raba rigimar gida biyu. A motocin Japan da Ingila da Ostareliya masu sitiyari a dama, sandar sitiyari da kik da bututai huɗu duk suna neman rami ɗaya. Jan ƙarfen da aka naɗa a cikin kik yana ƙara taurin kai ga lantarki da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri, wato ƙarin digiri 100 ya zama kusan kashi 40. Motar da ta juya a kwana ta mutu, aka murɗa makulli ta yi shiru a tsakiyar hanya sauran motoci suna tahowa, sau da yawa daga nan ciwonta yake. Ita kuwa sandar sitiyari, ba ya isa a ce ba ta taɓa bututu sa'ad da mota ke tsaye a gareji. Inji yana karkata a kan ƙafafunsa na roba duk lokacin da aka ba shi wuta, kuma ratar da takarda ke wucewa da safe tana iya zama ƙarfe a kan ƙarfe a tsakiyar kwana.

Wasu kan ce ai akwai ƙyallen zaren gilashi da ake naɗe bututu da shi. Gaskiya yana rage zafin da ke fita. Amma yana riƙe danshi, yana gaggauta tsatsa da tsagewa, kuma idan baƙin mai ya ɗiga a kansa sai ya sha ya zama lagwani. Siririn faranti mai ƙyalli da aka kafa tsakanin bututu da abin da ake karewa, da ratar iska ta kowane gefe, ya fi shi aminci. Dabarar silin ce a ƙarƙashin rufin kwano. Ko shi ɗin ma mataimaki ne. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.

Zafi kuma yana miƙar da ƙarfe. Ƙarfen da ba ya tsatsa, irin lamba 304 da aka fi amfani da shi, yana ƙara tsawo da kimanin kashi 17 cikin miliyan a kowane digiri. Bututu mai santimita 90 da ya ƙara zafi da digiri 600 zai ƙaru da kimanin milimita 9. Idan an ɗaure shi tamau a kai da ƙafa, wannan milimita tara sai ta nemi mafita, kuma a bakin walda take samunta. Dalili ke nan da ake sa mahaɗa mai zamewa da sifirin, ko wani guntu mai lanƙwasuwa a bayanta. A nan ma neman daidaito yana da nasa haraji: reshen da aka murɗa sau shida domin ya kamo ɗan'uwansa a tsawo yana da walda goma sha, kuma kowace walda wurin tsagewa ce da ke jiran ranarta.

Tsagewar bututu ba ƙara kaɗai take jawowa ba. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama sinadarin jini mai ɗaukar oksijin fiye da yadda oksijin ɗin ke kama shi sau ɗari biyu. Duk wanda ya ji labarin iyalin da suka kwana da janareta a cikin gida ya san aikinta. Kafin ta sumar da mutum takan fara da ciwon kai da dushewar tunani, kuma direban da ke cikin hular kwano, jikinsa ya yi zafi, zai ɗauka gajiya ce. Saboda haka duk bangon da aka yanka domin bututu ya sami wuri dole ne a rufe shi da ƙarfe, a toshe kowace kafa, bakin salansa kuma ya fita a bayan direba. Har ila yau, zuƙar nan da aka yi bayani a baya takan janyo iskar waje ta cikin tsagar. Na'urar auna oksijin ta ga iska ta yi yawa, ta shaida wa kwamfutar inji cewa fetur ya yi kaɗan, kwamfuta ta yi ta ƙara mai. Ƙarfin da aka sha wahala dominsa ya tafi ta ƙofar baya.

Idan akwai abin da ya cancanci a kashe masa kuɗi a siffar bututu, to lanƙwasa ce. Na'urar lanƙwasa ta gama-gari takan matse bututu a gwiwa, kuma faɗin ƙofa yana tafiya ne da ninkin kauri: a rage kauri da kashi 10 cikin ɗari, ƙofa ta ragu da kashi 19. Tsofaffin masu ƙira kan cika bututu da busasshen rairayi su gasa shi kafin su lanƙwasa, domin kada ya matse; a yau akwai na'urar da ke zura ƙarfe a ciki ta yi wannan aiki. Wuri mafi tsada shi ne 'yan santimitan farko daga bakin inji, inda hayaƙi ya fi gudu. Gwiwa mai kaifi a nan ta fi bambancin tsawo ɓarna. Duk da haka inji yana da haƙuri fiye da yadda ake zato. Wani shirin gwajin injuna na Amurka mai suna Engine Masters ya taɓa ɗaukar guduma ya lotsa rassan salansa da gangan, ya sake auna injin, sai ga shi asarar da aka yi ba ta taka kara ta karya ba.

Adalci ne a ce akwai wurin da ra'ayin daidaito yake da gaskiya. A gasar da dokoki suka ƙayyade girman inji, inda motoci ashirin ke da ƙarfi kusan ɗaya, kashi ɗaya cikin ɗari yana iya raba na ɗaya da na biyar, kuma ƙungiyoyin da ke can suna da na'urar auna inji da kuɗin sake ƙera rassa sau goma. Haka nan bambanci tsakanin dogayen rassa da gajerun da suka haɗe tun a gindin inji babba ne, bai kamata a yi watsi da shi ba; wanda wuri ya yi wa kaɗan yana iya haɗa rassan bibbiyu tukuna, sannan biyun su zama ɗaya, tsarin da ba ya cin fili sosai kuma yana ba da ƙarfi a matsakaicin juyi. Amma mutumin da ya ninka ƙarfin motarsa sau uku da dashen inji ba ƙarancin ƙarfi ke damunsa ba. Tayoyinsa ma ba sa iya ɗaukar wanda yake da shi.

Aikin da ya kamata ya yi ba shi da tsada. Ya rataya injin da giyabos a mazauninsu ba tare da walda ba, ya ɗaura sandar sitiyari da kik da tukunyar birki da wayoyin filogi, sannan ya ɗauko bututun roba na famfo mai kauri daidai da na rassan ya gwada hanya. Sau da yawa gusar da inji santimita biyu zuwa gefe, ko ɗaga shi kaɗan, yakan buɗe hanyar da guduma ba za ta buɗe ba daga baya. Wani lokaci kuma bututun birki ne ya fi sauƙin ƙaura. Ya murɗa sitiyari daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ya sa ƙarfe ya karkata injin dama da hagu yana duban rata, ya tabbatar mahaɗa ba ta sauka ƙasa da shasi ba. Ya gwada cire filogi takwas da kik da matatar baƙin mai, ya ga ko za su fita ba tare da an ɗaga inji ba. Bayan zagayen farko a fili kuma, idan ƙarfe ya huce, ya sake ɗaure notunan da ke bakin inji, ya bi wayoyi da robobin da ke kusa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda ya yi tauri ko ya canja launi.